Ba Hanya Kaɗai Ke Cinye Boris Ba

Duk direban da ya shigo gareji da ƙafar tirela ta ƙone, hanya yake ɗora wa laifi. Ko ramuka, ko gangaren Hawan Kibo, ko simintin da aka danƙara masa fiye da kima. Ban musa ba, kowanne da nasa kason. Amma shekarun da na yi ina kwance hob, wato cibiyar da ake ɗaura taya a kanta, ina ɗaurawa sun nuna mini cewa yawancin boris, ƙarfen da ke sa hob juyawa a kan aksul, tun a hannun makanike yake samun ciwon da zai kashe shi, hanya ƙarasa shi kawai take yi.

A kowane hob na tirela boris biyu ne, galibi na ciki babba, na waje ƙarami, suna kallon juna. 'Ya'yansu ba ƙwallaye ba ne irin na keke, dogaye ne masu tsukewa ta kai ɗaya, suna gudu a cikin wani zobe da aka dasa a jikin hob. Wani mai ƙera keken doki a Amurka, Henry Timken, shi ya yi rajistar wannan fasali a 1898. Amfaninsa shi ne yana ɗaukar nauyin da ke dannowa daga sama, yana kuma tare turin da ke zuwa ta gefe idan mota ta sha kwana. Wannan tsukewar ce kuma ta sa noti guda ɗaya da ke bakin aksul yake da iko da rayuwar ƙafar baki ɗaya.

Maigidan da ya koya mini aiki bai fara ba ni sifana ba, tire ya ba ni da buroshi da kananzir. Sai in wanke in kawo, ya ɗaga boris ɗin a rana, ya juya shi da yatsa kusa da kunnensa, ya miƙo mini.

“Kai yaro, ba ka ji yashi ba?”

“Oga, na wanke fa.”

“Koma ka sake.”

Garejinmu fili ne, ba rufi ba daɓe. In hunturu ya kama, ƙura sauka take yi a kan komai, giris kuwa ba abin da ya sauka a kansa ya tashi. Shi ya sa har yau ba na yarda a ajiye wankakken boris a ƙasa ko a kan taya. A shimfiɗa takarda mai tsabta, a rufe shi da wata, sai lokacin sawa. Masu busa shi da iskar kwamfuresa har ya riƙa juyawa yana kuka, suna jin daɗin ƙarar, ɓata shi suke yi, domin ƙarfe ne ke gudu a kan ƙarfe ba maiƙo.

Kafin wanki ma akwai karatu. Tsohon giris yana faɗin abin da ya faru a ciki. Ka lakato shi ka murza tsakanin yatsu: in yana ƙyalli, ƙarfe ne ya fara ci, in ya yi fari-fari ya saki, ruwa ya shiga, sil (robar da ke rufe bakin hob ta ciki) ya mutu, in ya yi baƙi ƙirin yana warin ƙuna, zafi ya sha. Haka jikin boris ɗin. Shuɗi ko ruwan ƙasa alamar zafi ce, ƙananan ramuka kamar an ɓantare alamar ya gama aiki. Wanda ya jefar da tsohon bai duba ba, zai sa sabo ne a cikin matsalar da ta kashe na farko.

Wurin da muka fi samun saɓani da masu mota shi ne kuɗi. Sai mutum ya ce a canza boris a bar zoben, ai da sauransa, sil ɗin ma a mayar. Zobe da boris tare suka ci juna, tare ya kamata su fita. Sil kuwa shi ne mafi arha a kayan, kuma da zarar an ɓanɓare shi ya gama. In za ka aika yaro Ƙofar Ruwa ko Panteka, ba shi lambar da ke jikin tsohon, kar ka ce ya gwada da ido. A lamba irin 33118 ko 33213, ka ninka lambobi biyun ƙarshe sau biyar, ka sami faɗin ramin boris ɗin: milimita 90 da milimita 65. Jabu kuma ya yi yawa, kwalin manyan kamfanoni irin SKF ko FAG kowa na iya bugawa, don haka farashin da ya yi sauƙi ƙwarai abin tsoro ne.

Sa giris ba shafa ba ne. Ka ɗibi dunƙule a tafin hannun hagu, ka kama boris da dama, ka riƙa danna bakinsa mai faɗi a kan giris ɗin kana ja, har sai ka ga ya ɓullo ta ɗaya bakin tsakanin 'ya'yan. Sai ka juya kaɗan ka sake, har ka zagaye. Aiki ne mai cin rai, shi ya sa yara ke son su shafe waje su wuce. Akwai kuma masu ganin in sun cika hob taf sun yi wa mai mota alheri. Giris ɗin da ya rasa wurin motsi zafi yake haifarwa, ya ture sil, ya malala kan birki. Na fi natsuwa da mai sinadarin litiyam da aka rubuta NLGI 2 a jikin bokitinsa, kuma ba na haɗa iri biyu, don wasu in sun haɗu tsinkewa suke yi su zube. Na awo da ake ɗiba daga buɗaɗɗen duro a bakin titi, wannan ko kyauta ba na so.

Sai noti, inda gwani ke bambanta da mai ƙarfi. In ka ɗaure da yawa, ka matse giris ya fita daga tsakanin ƙarfe da ƙarfe, kafin a kai Zariya daga Kano hob ya ɗau zafi. In ka sassauta da yawa, taya na rawa, nauyi ya taru a gefen 'ya'yan, sil ya buɗe. Yadda ake yi shi ne a ɗaure sosai ana juya taya don komai ya zauna, a kwance, a sake ɗaurewa a hankali, sannan a ɗan koma baya zuwa rami mafi kusa na fin ɗin da ke kulle notin. Ƙa'idar da masu manyan motoci a Amurka ke bi ta ce wasan da za a bari ya tsaya tsakanin milimita 0.025 da 0.127, wato bai wuce kaurin silin gashi ko biyu ba. Kowane kamfanin aksul da nasa adadin ɗauri, na BPW daban na Fuwa daban, a nemi takardarsu.

Nan nake saɓa wa wasu dattawan sana'ar, da girmamawa. Suna cewa hannu ya isa: ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza, ka ji. Hannu na gane wasa mai yawa, gaskiya ne, amma tayoyi biyu da duram a kan hob sun fi ƙarfin yatsa ya tantance silin gashi. Sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri da agogon gwada wasa ba su kai kuɗin aksul ɗaya da boris ya narke a kansa ba. Ɗaure noti da kurfi da guduma kuwa, ko sa ƙusa a madadin fin, ganganci ne da ran mutane, domin tayar da ta ɓalle a guje ba ta zaɓen inda za ta faɗa.

Idan mota za ta fita, ina gaya wa direba ya tsaya bayan ya ɗan yi tafiya, ya bi hob ɗaya bayan ɗaya da bayan hannu. Ɗumi ba komai ba ne, abin dubawa shi ne wanda ya fi 'yan'uwansa zafi. Kar ya sheƙa masa ruwa ya wuce kamar yadda aka saba, ruwan na fasa duram, yana kuma samun hanyar shiga ciki. Ya fara duba birki tukuna, don sau da yawa shi ne ya riƙe yake gasa hob. In birki a sake yake amma zafin na nan, ya kira ni kafin ya ƙara ko kilomita ɗaya.