Yadda nake haɗa takin gargajiya da na zamani a gonar shinkafa

Tun da na fara haɗa takin gargajiya da takin zamani a gonar shinkafata, abin da na fi mayar da hankali a kai shi ne lokacin zuba kowanne, domin aikinsu ya bambanta. Yuriya, ɗaya daga cikin takin zamani, tana ɗauke da naitrojin, wani sinadarin abincin shuka, kashi 46 cikin 100, tana narkewa nan da nan, shinkafa ta sha cikin 'yan kwanaki. Naitrojin ɗin da ke cikin kashin shanu kuwa kaɗan ne ƙwarai, kuma sai ƙananan halittun cikin ƙasa sun ruɓar da shi a hankali kafin saiwa ta amfana, amma shi ne yake sassauta ƙasa, ya sa ta riƙe danshi da abincin shuka.

Saboda haka takin gargajiya nake fara shigarwa, lokacin gyaran ƙasa, makonni kafin dashe. Ina tara kashin shanu da na kaji tare da karan shinkafar da aka girbe, ina yayyafa ruwa, ina juya tulin lokaci-lokaci, har sai zafin cikinsa ya sauka, warin ya tafi, ya yi duhu yana marmashewa a tafin hannu. Wannan jira yana da dalili. Idan aka binne ɗanyen kara dab da dashe, halittun da ke ruɓar da shi sukan janye naitrojin ɗin ƙasa domin kansu, sai ganyen shuka ya yi ɗorawa, kuma ruɓewarsa a ƙarƙashin ruwa tana fitar da sinadarai masu cutar da sabuwar saiwa. Ɗanyen kashi ma yakan zo da irin ciyawa.

Batun kara yana damuna sosai, domin wajen kashi 80 cikin 100 na fotasiyam ɗin da shinkafa ta zuƙa yana zama a cikin kara da ganye, tare da silika mai ƙarfafa jikinta. Wanda ya kwashe karan ya raba gonarsa da wannan arziki, wanda ya ƙone shi kuma ya rasa mafi yawan naitrojin da abin da zai ruɓe ya gyara ƙasa.

Kamfa, wato takin zamani mai haɗin sinadarai, nake zubawa lokacin dashe, kuma na ɗan rage yawanta daga baya, da na ga ƙasar ta farfaɗo. Yuriya kuwa raba ta nake yi: kashi ɗaya idan shinkafa ta fara tofo daga gindi tana fitar da 'ya'ya, ɗaya kuma dab da ta ɗauki ciki. Kafin in watsa, nakan rage ruwan gonar, in toshe mafitarsa, domin yuriyar da ta faɗa cikin ruwa mai yawa takan tashi a iska ko ta bi ruwan ta fice. Ina duba launin ganye kafin in ƙara, ina gwada shi da katin launi irin wanda cibiyar binciken shinkafa ta IRRI ta yaɗa. Inda taki ya riga ya ƙosar da ƙasa, yawan yuriya yana sa shinkafa ta yi tsawo ta kwanta, cututtukan ganye su sami hanya.

A noman farko bambancin amfanin bai taka kara ya karya ba. Sai a shekarun da suka biyo na lura garma tana shiga da sauƙi, ƙasar ba ta ƙanƙarewa kamar da idan ta bushe, ganye yana riƙe korensa tsakanin zubi da zubi, zangarniya kuma tana cika da kyau. Duk da haka ban bar takin zamani ba, domin kowane tan ɗaya na shinkafa yana buƙatar naitrojin kimanin kilo 15 zuwa 20, kuma takin da dabbobina ke bayarwa ba zai kai wannan adadi a lokacin da shukar ke nema ba.