Tambayar da ta fitar da ita

Yau da daddare aka fitar da yarinyar nan da muke goya wa baya a gasar kacici-kacici ta talabijin, kuma wallahi har yanzu abin yana raina. Mako huɗu ke nan ina rubuta makinta a bayan kalandar falo. Aka tambaye ta shekarar da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja. Ta ciji leɓe, ta gyara mayafi, ta ce 1976. Amsar kuwa 1991 ce.

Baba da ke kishingiɗe yana jan carbi sai ya tashi zaune. Ya ce, "Kayya, ai ba ta yi nisa ba. A 1976 Murtala ya yi shelar za a bar Legas, da kunnena na ji a rediyo, kwana goma tsakani aka kashe shi. Tarewar ce sai zamanin Babangida." Muryarsa ta yi rawa, daga nan ya yi shiru. Ita kuma tana taya abokiyar karawarta murna, idanunta fal ƙwalla. Sai na tuna ban taɓa tambayar Baba inda labarin rasuwar ya same shi ba. Gobe da safe zan tambaye shi, in sha Allah.