Likitocin gurup da kan ƙanena

Ran Talata ƙanena ya faɗi daga bisa moto nan kusa da babbar kasuwar Tahoua, ba kaske kamar kullum, kai ya daki kwalta. Ya tashi ya kakkaɓe wando ya taho gida. Kafin magariba labari ya shiga gurup ɗin WhatsApp na fadarmu, sai likitocin waya suka fito, wannan ya ce tunda bai suma ba ai lafiya lau, wancan ya turo murya wai a shafa mishi man zafi a ba shi shayi mai kauri, wani kuma sitika ya saka ta dariya wai kan Ba'adare ya fi kwalta tauri. Ni ma na yi dariyar wallahi.

Da dare yaro ya tambaye ni "yaya ina motona?" sau huɗu, ya yi amai sau biyu, ya ce hasken waya na sukar mishi ido. Nan cikina ya ɗuri ruwa muka nufi asibiti. Likita ya ce girgizar ƙwaƙwalwa ce, wai ƙwaƙwalwa ke motsawa cikin ƙoƙon kai ta bugu, kuma galibin masu ita ba su suma, jini ma ba dole ba. Ya ce a bar shi ya huta, ban da moto ban da balo, in amai ya ci gaba ko barci ya yi nauyi har ba a iya tada shi mu dawo da gudu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Karius. Mu 'yan Madrid mun ci naman golan nan na Liverpool a Facebook bayan final ɗin kofin zakarun Turai na 2018, har yau in yaro ya saki balo sunan da ake kiran shi ke nan, alhali gwiwar hannun Ramos, ɗan wasan Madrid, ta samu Karius a kai kafin kurakuran da ya yi aka ci shi, kuma bayan kwanaki likitoci a Boston suka ce ya samu girgizar. Wa ya yi sharin wannan? Kramer na Jamus kuwa a final ɗin kofin duniya na 2014, bayan ya bugu, zuwa ya yi yana tambayar alƙalin wasa wai wannan ne final ɗin, kuma aka bar shi cikin fili kusan minti goma sha biyar.

Na rubuta duk wannan na tura gurup. Mutum biyu suka ce Allah shi ƙara sauƙi, mai sitika ya tambaya ko moton na sayarwa ne.