Saƙon godiya bayan dawowa daga Antaktika

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, ayarinmu ya sauka Abuja lafiya. Iyayenmu da 'yan'uwa da abokan arziki da kuka bi mu da addu'a, da waɗanda kuka riƙe mana gida, Allah Ya saka muku da alheri.

Muna gode wa matuƙin jirgin ruwanmu da likitansa. Daga Ushuwaya a kudancin Ajantina, kwana 2 ake yi ana keta mashigin Drake, wato tekun da ya raba Kudancin Amurka da nahiyar Antaktika da ke ƙarshen kudancin duniya, kuma igiyar ruwan wurin ba ta wasa ba ce. Likita ya nace a sha maganin jiri tun jirgi bai fita ruwa mai kwanciya ba, domin in amai ya fara, ƙwayar ba ta zama a ciki.

Kaso mafi tsoka na godiyar nan na jagororinmu ne. Tsananinsu ne ya sa muka ga abin da muka gani. Kafin a sauka sai an zuƙe ƙurar aljihu da jaka, an wanke takalmi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, don kada irin wata ciyawa ko wata cuta ta bi mutum zuwa can. Mutum 100 kacal ke taka ƙasa a lokaci guda, jagora ɗaya ga kowane 20, kuma tsakaninka da dabba aƙalla mita 5. Saboda murar tsuntsaye an hana zama da durƙuso da ajiye jaka a ƙasa. Da yake ba a firgita su, tsuntsayen fengwin harkarsu kawai suke yi. Tun daga nesa warin kashinsu ke tarar mutum, kashin kuma jaja-jaja ne saboda ƙananan jatan landen da suke ci. Za ka ga namiji ya lallaɓa ya sace tsakuwa daga sheƙar maƙwabci ya kai wa matarsa, sannan ga hanyoyin da suka tattake cikin dusar ƙanƙara, waɗanda ko in ka iso sai ka ja baya su wuce.

Direbobin kwalekwalen roba ma sun yi namijin ƙoƙari. Ba sa matsawa kusa da curin ƙanƙara komai kyan shuɗinsa, domin kusan kashi 90 cikin 100 nasa na ƙarƙashin ruwa, kuma yakan kife ba zato. In kifin wel mai doro ya taso, sai su rage wuta, har a ji hucin numfashinsa. Su ne kuma suka ce a riƙa sa batirin waya a aljihun ciki, don sanyi na shanye caji.

Malaminmu, Allah Ya ƙara ilimi. A Disamba dare ba ya yin duhu a can, alamar isha'i da ta asuba sai su ɓace. Bayanin da ka yi mana kafin tafiya, na ƙaddara lokaci da gari mafi kusa mai dare da rana, ya warware mana wannan.

Allah Ya bar zumunci.