Arahar Ecuador ta mai dala ce

Sana'ata canjin kuɗi a nan Sakkwato, shi ya sa duk farashin da aka faɗa mini sai na maida shi naira a zuciyata kafin in ce yana da sauƙi ko tsada. Kwanakin nan samarinmu sun ɗauki zancen Ecuador, ƙasa a Kudancin Amurka, da zafi, saboda bidiyon da tsofaffin Amurkawa 'yan fansho ke sakawa a YouTube suna yabon rayuwar garin Cuenca. Ɗan ƙanwata ma ya zo mini da shi, ya ce, "Kawu, abincin rana dala uku fa, har da miya da lemo!"

Ba ƙarya suke yi ba. Tun shekarar 2000 Ecuador ta jingine kuɗinta ta koma amfani da dalar Amurka, don haka ɗan fansho ba ya asarar ko sisi wajen canji. A Cuenca kuɗin bas cikin gari bai kai rabin dala ba. Tukunyar gas mai kilo 15, da tallafin gwamnati, ba ta kai dala biyu ba a farashin hukuma. Gida mai ɗaki biyu ana samu a kan kimanin dala 400 zuwa 600 a wata, abin da a manyan biranen Amurka ko ɗaki ɗaya ba zai kama maka ba. Garin kuma yana kan tsaunukan Andes, sama da mita 2,500, babu mai neman fanka balle na'urar sanyaya ɗaki. Wanda ya sha zafin watan Afrilu a Mabera ya san darajar wannan.

To amma a juya lissafin. Dala uku, idan ana canji a kan naira 1,500, naira 4,500 ke nan a kwano ɗaya, mutum ɗaya. Haya ta dala 500 ta zama naira 750,000 duk wata, ba duk shekara ba kamar yadda muka saba biya. Mafi ƙarancin albashi a can dala 470 ne a 2025, namu kuwa naira 70,000, wanda a wannan canjin bai cika dala 50 ba. Su kansu 'yan ƙasar da ke karɓar wannan albashin ba su ce rayuwa da sauƙi ba, dubbansu na ficewa neman aiki a Amurka da Sifaniya, ga harajin sayen kaya na VAT an ɗaga daga kashi 12 zuwa 15 a 2024.

Abin da ya fi damuna shi ne batun takardu, wanda masu bidiyon ba su cika tsayawa a kai ba, domin su da fasfo ɗinsu kawai suke shiga. Ɗan Najeriya kuwa tun 2010 sai da biza. Izinin zama na ɗan fansho, ko na mai aiki ta intanet, yana buƙatar ka nuna kana samun ninki uku na mafi ƙarancin albashi duk wata, wato dala 1,410 a 2025. Sama da naira miliyan biyu ke nan. Na tambayi yaron nan, mutum nawa ka sani a unguwarku da wannan ke shigo musu kowane wata? Wanda ke samun haka, ai a nan gida ma ya fi ƙarfin haya da cefane, har ya ɗauki nauyin wasu.

Kada kuma a ɗauka can babu irin matsalolinmu. A ƙarshen 2024 fari ya ƙafar da madatsun ruwan da ke ba su lantarki, aka riƙa ɗauke wuta har awa 14 a rana. A Janairun shekarar ne Shugaba Daniel Noboa ya ayyana yaƙi da gungun masu safarar ƙwaya, kuma Guayaquil da garuruwan bakin teku sun fi shan wahalar, duk da Cuenca da sauƙi.

Sai maganar addini, wadda a wurina ita ma kuɗi ce. Musulmi 'yan kaɗan ne a ƙasar. Akwai masallaci a Quito, babban birni, amma naman alade ya cika kasuwanni da gidajen abinci, har a wannan kwanon na dala uku sai ka yi tambaya, da Sifaniyanci kuma. Mai kiyaye abin da yake ci zai koma ga kifi da wake da shinkafa, ko ya sayi kaza da rai ya yanka da kansa.

Ban hana ɗan ƙanwata mafarkinsa ba, yaro ne mai ƙoƙari kuma ya iya kwamfuta. Na dai ce masa kada ya sayar da filin da mahaifinsa ya bar masa a Arkilla don kuɗin jirgi. Ya fara samun aikin da ke biyan sa da dala yana zaune a nan, ya koyi Sifaniyanci, ya tara takardun banki na shekara guda. In ya yi haka, ni da kaina zan canza masa guzurin.