Bidi zai koma Arewa

Talata. Yau tun da na idar da sallar asuba nake kan maganar Bidi, kurun nan na Abba. Mai filin da muke ɗaure shi a nan Agege ya ce wata mai kamawa zai zuba bulo, to ina za ka kai doki a Legas garin da ko mota sai ka biya kuɗin fakin? Ga yaron ma ya yi tsawo, in ya hau ƙafarsa har tana neman jan ƙasa.

Na fara da Ikoyi wajen Polo Club, don masu kula da bargar yawanci mutanenmu ne. Goslo a gadar Third Mainland ba a magana. Wani dattijo ya kalli bidiyon Bidi a wayata ya yi dariya ya ce "Alhaji ai nan sai dawakan folo, wasu ma daga Ajantina ake kawo su, kuru ba shi da turke a nan." Na ce to Baba meye shawara? Ya ce in dai ina son dabbar nan in maida ita gida, damunar Legas ba ta barin kofato lafiya, kullum ƙasa a jiƙe sai ya fara ruɓewa ta ciki. Kuma gaskiya ya faɗa, bara mun sha fama da wannan.

Da azahar wani yaro mai hayar dawaki a bakin teku can Lekki ya kira, ban ma san wa ya ba shi lambata ba, ya taya da kuɗi masu kauri wallahi sai da zuciyata ta ɗan motsa. Amma na sha ganinsu ranar Lahadi, ƙaton mutum ya haye don a ɗauke shi hoto, a sauke shi a ɗora wani, cikin yashi da rana tun safe har magariba, haƙarƙari duk a waje. Wanda ya saba da ɗaukar yaro ɗaya da cin dusa da kanwa a kan lokaci ba zai kai labari ba. Na ce masa Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Bayan la'asar na kira Yaya a Zariya. Ban gama bayani ba ya ce "kawo shi mana, yara na nan, harawa kuma ba saye muke ba." Mu nan harawar ma sai an yo lodinta daga Arewa, damin da bai taka kara ya karya ba kuɗinsa kamar me. Sisi ba zan karɓa ba, sharaɗina ɗaya kar a sayar.

Abba ya ƙi cin tuwon dare, sai da Mamansa ta ce in Allah ya kai mu Sallah zai je ya gan shi da ado a hawa sannan ya ɗan saki. Gobe zan leƙa mayankar Oko-Oba in nemi direban tirelar shanu mai komawa, wanda zai yarda ya dinga tsayawa a hanya ana ba shi ruwa.