Rubutun sirri a yaƙin Amurka da Ingila

Duk wanda ya taso a Zariya ya san zaurance, yara su juya magana a gaban manya don kar a gane me suke faɗa. To a yaƙin neman ƴancin Amurka daga hannun Ingila manya ne suka riƙa yin irinsa, sai dai nasu a takarda yake, kuma in aka kama ka da ita rataya ce kawai.

George Washington, babban kwamandan sojojin Amurka, yana da ƴan leƙen asiri a Niyok da ake kira Culper, wani hafsansa Benjamin Tallmadge ne ya haɗa su a 1778, daga baya ya yi musu kundi na lambobi 763, kowace lamba da abinda take nufi, 711 Washington kenan, 727 kuma Niyok. Ga wata tawada da wani likita James Jay ya haɗa wadda ba a ganinta sam sai an shafa wani ruwan magani a kai.

Amma wanda ya fi tsaya min a rai, har muka raba dare da abokaina a wajen mai shayi a Samaru muna gardama a kansa, shine Benedict Arnold. Janar ne fa na Amurka, ya shirya miƙa wa Ingila sansanin West Point kan fam 20,000. Shi da John André, hafsan Ingila, kowa ya riƙe kwafin littafin shari'a na Blackstone, kowace kalma sai a rubuta ta da lamba uku, shafi, layi, sannan kalma ta nawa ce a layin, wlh dabara ce mai kyau don in baka san littafin ba sai dai ka yi ta kallon lambobi. Kuma ba ta nan asirinsu ya tonu ba. A Satumba 1780 André yana hanyar komawa wajen sojojin Ingila bayan ya gana da Arnold, wasu ƴan sa-kai uku na Amurka suka tare shi kusa da garin Tarrytown, suka sa ya cire takalmi, sai ga bayanan West Point ɓoye a ƙafarsa, a fili ƙarara, da rubutun hannun Arnold. Wannan sakacin yana min ciwo gaskiya, an wahala sama da shekara ana ƙirga layi da kalma, ranar da ta fi kowace haɗari kuma aka ɗauko takarda tsirara.

Arnold ya samu labari ya tsere cikin jirgin ruwan Ingila. André aka rataye ranar 2 ga Oktoba 1780.